Fil a Ƙirjin Goggo

Goggona tela ce, kuma idan kana son ganin ɓacin ranta, ka ce mata mai facin kaya. Sai ta sauke tabarau kan hanci, ta dube ka tun daga sama har ƙasa, ta faɗa maka inda rigar jikinka ta karkace da sunan laifin da wanda ya ɗinka ta ya yi. Yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni bayan rasuwarsa, ina 'yar mitsitsiya, ita kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. A shagonta na yi wayo, a ƙarƙashin teburin yanka, cikin ƙyallaye.

Shagon ɗan tsukuku ne, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da maɓallai. Keken ɗinki na ƙafa a bakin ƙofa don haske, madubi mai tsaga a kusurwa, labulen gwaji a can ciki, da almakashi guda wanda ko ni ban isa in taɓa ba. Tef ɗin awo ba ya barin wuyanta. Fil kuwa, ƙananan nan masu kai da ake kafe yadi da su, ba ya barin bakinta. Takan jera su a leɓe, ta durƙusa gaban mai gwaji, tana zarowa ɗaya bayan ɗaya tana kafewa, kuma a hakan take ciniki, a hakan take faɗa. Ni dai ban taɓa jin fil ya rage mata kalma ko ɗaya ba.

Tun kafin in yi wayo wata mai gwaji ta ba ta dariya, ta ja numfashi, fil ɗaya ya wuce. Ba ciki ya tafi ba, huhu ya gangara, ya samu wuri can ƙasa ta dama ya kwanta. Likitocin lokacin suka ce ciro shi ya fi barinsa haɗari, tunda ba ya motsi. Suka ba ta hoton ƙirjinta, irin baƙar ledar nan ta da, ta kawo shago ta ajiye a bayan madubi. Duk wadda ta yi mata ƙorafin tsadar ɗinki sai ta zaro shi ta ɗaga wa hasken ƙofa.

"Kin ga wannan? A bakin aikinku na haɗiye shi. Yanzu sake faɗin abin da kika ce."

Fil ɗin a lanƙwashe yake daga tsini, kamar ƙugiya, domin Goggo ba ta yar da fil don ya lanƙwashe. Na kalli hoton nan ya fi a ƙirga. Da shi na koyi ƙirga haƙarƙari, shi ne ma ya ja ni na karanci ɗaukar hoton marasa lafiya. Ita kuwa tun daga ranar ta yanke hulɗa da asibiti. Ta ce wurin da aka kasa ciro fil guda, me za su iya? Kuma kar ka ce ta daina sa fil a baki. Ko gezau.

Na yi aiki a asibiti na wasu shekaru, sannan na koma wani ofis a saman bene, inda ake koya wa na'ura karanta hoton ƙirji. Bari in faɗi abin yadda na faɗa wa Goggo. Ƙauyukanmu da yawa akwai injin ɗaukar hoto, babu likitan da zai karanta. Ana so na'ura ta riƙa dubawa ta ce wannan lafiya lau, wannan a hanzarta da shi birni. Amma ba ta koyo sai ta ga hotuna dubbai a kan dubbai. Namu ba su kai ba, waɗanda ke akwai kuma sirrin masu su ne, ba a yarda a fita da su daga asibiti ba. Shi ne aka samo dabara: wata na'urar daban ta zauna a ɗaki a kulle cikin asibitin, ta yi ta kallon hotunan gaske har ta gane yadda ƙirjin mutanenmu yake, sannan ta zana sababbi, na mutanen da ba a taɓa haifa ba. Da waɗannan na ƙirƙira ake koyarwar. A ofis mutanen ɓoye muke ce musu.

Da na gama bayani Goggo, wadda ke kirana 'Yar Tabarau tun da na fara sa tabarau, ta ce, "Wato marasa lafiyar gaske sun ƙare a duniya, sai kun ƙero na ƙarya. Allah Ya shirye ki, 'Yar Tabarau."

Aikina tankaɗe ne. Ina zaune gaban kwamfuta, ƙirji na wucewa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi kama da na mutum in bar shi, wanda na'ura ta yi shirme a cikinsa in watsar. Shirmen kuwa akwai shi. Na ga mai ƙashin wuya uku, na ga mai haƙarƙarin da suka harɗe kamar saƙa. Mukan kira juna a yi dariya.

Ranar da nake ba da labari, da hantsi ne, shayina ma bai huce ba. Na danna, ƙirjin mace ya fito, tsaf, babu shirme. Hannuna har ya tafi zai wuce da shi, idona ya sauka can ƙasa ta dama. Fil. Da kansa, da lanƙwasarsa a tsini, a kwance yadda na san shi. Na fara murmushi ma, irin na wanda ya haɗu da ɗan unguwarsu a baƙon gari. Sai na ɗaga ido sama. A huhun hagu, ƙarƙashin ƙashin wuya, ga wani farin dunƙule ya kai ƙwan kaza, gefensa duk tsaga-tsaga. Na san irinsa sarai, na ɗauki hoton masu shi da yawa. Ba abin alheri ba ne.

Na kira Injiniya, wanda ke kula da na'urar zanen. Mutum ne mai sanyin hali, kullum da biro a bayan kunne wanda ban taɓa ganin ya yi rubutu da shi ba. Ya leƙo ta kafaɗata.

"Datti ne wannan. Watsar da shi."

"Ba datti ba ne, fil ne. Na san mai shi."

"Haba, Malama. Mutanen nan ba su da dangi."

"Wannan tana da ni," na ce. Na ba shi labarin hoton bayan madubi.

Ya jawo kujera ya zauna. Ya ƙara girman hoton, ya daɗe yana kallo, na ga goshinsa ya fara tsattsafo gumi duk da sanyin ɗakin. Ya ce abin da suke tsoro ke nan tun farko. Na'urar takan gauraya abin da ta gani da yawa, ta fitar da sabo. Amma idan ta ci karo da abin da babu irinsa, ba ta da abin gauraya shi, sai ta haddace shi, wata rana ta amayo shi yadda yake.

"To dunƙulen fa?" na ce. "Nata ne?"

"Tana iya ɗaukar fil ɗin kawai ta manna a ƙirjin wata. Tana kuma iya kwafo ƙirjin gaba ɗaya."

"Wanne ta yi a nan?"

"Wallahi ban sani ba."

"Buɗe na gasken mu gani mana!"

Ya girgiza kai. Na gasken suna asibiti a kulle, an goge sunaye, kuma ko shi sai ya nemi izinin kwamiti, abin da zai ɗauki makonni. Ko an ba shi, ba ni za a nuna wa ba. Na san gaskiya ya faɗa, ni kaina na sa hannu kan wannan ƙa'idar, amma a lokacin ji na yi kamar in kwaɗa masa kofin shayin. Ya tashi ya ce zai dakatar da rukunin hotunan gaba ɗaya, ya sanar da shugabanni. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Hoton nata na leda ne, kika ce? Na da?"

"E."

"Ba mu ba na'urar na leda ba. Duk na 'yan shekarun nan ne, tun da aka koma ɗauka da kwamfuta."

Ban buƙaci ƙari ba. Matar da ta rantse ba za ta ƙara taka asibiti ba ta je an ɗauke ta sabon hoto, kuma ba ta gaya mini ba, ni da wannan ne aikina.

Na kira wayarta a kan matakala. Sai da ta kusa tsinkewa ta ɗauka, ina jin ƙarar keke.

"Lafiya, da rana tsaka?"

"Goggo, kina shago?"

"A'a, ina jirgin sama. Ina da aiki, 'Yar Tabarau." Ta kashe.

Na tari motar haya. Hanya ta cushe, direba yana ta zagin wani mai babbar mota, ni kuma ina ta tono abubuwan da na gani na wuce. Tarin nan da take cewa burbushin yadi ne. Abincin da take turo mini ta ce ta ci a shago. Kwanakin baya na same ta tana yanka a zaune, ita da take cewa telan da ke yanka a zaune malalaci ne. Sai kuma wata zuciyar ta ce, kai, ai ba ta rame ba. Masu irin wannan dunƙulen zubewa suke yi, kaya su riƙa yi musu yawo a jiki. Goggo kuwa kayanta cif suke zama mata. Na riƙe wannan da hannu biyu har muka iso.

Na same ta durƙushe gaban wata mata mai jiki, fil jere a leɓe, tana kafe gefen siket. Ta dube ni ta wutsiyar ido.

"An kore ki ne?"

"Wucewa nake, na ce bari in gaishe ki."

"Wucewa zuwa ina? Bayan shagon nan sai kwata."

Matar ta yi dariya, ni ma na yi ta dole. Na zauna kan benci ina ƙare wa Goggo kallo. Rigar jikinta shuɗiya ce, na san ta shekara da shekaru, kuma ta zauna mata daidai a kafaɗa, daidai a ƙugu, babu inda ta yi sako-sako. Ɗankwalinta ta jawo shi ya rufe gefen fuska. Na ji numfashina ya fara dawowa. Na ce a raina na'urar banza, ta ɗauki fil ɗin tsohuwa ta liƙa wa wata baiwar Allah, ta sa na kusa haɗiyar zuciya. Wataƙila ma wani ciwon baya ne ya kai ta hoton, girman kai ya hana ta faɗa.

Matar nan kuwa ta ƙi tafiya. A rage nan, a saki can, ita ba haka ta gani a jikin ƙawarta ba. Goggo tana amsa mata ta cikin fil, sau biyu tana juya kai gefe ta yi ɗan tari a rufe. Da za ta miƙe sai da ta dafa teburin.

"Shiga ciki ki ɗauko mini alli," ta ce da ni. "Yana aljihun rigata, a ƙusa."

Na ɗaga labulen gwaji. Rigunanta na canji suna rataye a ƙusa, a juye, ciki a waje, yadda take rataye kaya don kar ƙura ta ɓata fuskar yadi. Na sa hannu ina laluben aljihu, sai yatsuna suka ji kauri a gefen rigar. Na jawo ta wajen haske.

Layin ɗinki ne a jere, ɗaya cikin ɗaya. Na asali a can waje, zarensa ya koɗe. Na biyu ya shigo ciki kaɗan. Na uku ya ƙara shigowa. Na ƙarshen zarensa sabo fil, ko wanki bai gani ba. Na duba ɗaya gefen, haka. Na duba kafaɗa, an ɗaga ta. Na jawo riga ta biyu, ita ma haka. Ashe ba rashin rama ba ne. Tana ramewa tana bin jikin da keke, ta rage yau, ta rage gobe, don kar kowa ya ga riga ta yi mata yawa.

Ta uku ce ta zaunar da ni kan buhun ƙyallaye. Goggo tana da doka a kan ragin kaya, duk wanda ya zauna shagon nan ya san ta: idan ka rage riga, ba ka yanke rarar yadin, ka kwantar da ita a ciki, domin mai riga zai iya murmurewa ya dawo a buɗe masa. A riga ta ukun ta yanke rarar. Ta bi gefen da ɗinki mai kyau, ta gama shi tsaf.

Ban san tsawon zaman da na yi kan buhun ƙyallaye ba. Na ji matar ta yi sallama, na ji takun Goggo, labule ya ɗaga. Ta dubi rigar a cinyata, ta dube ni. Ta sa hannu ta zare fil ɗin bakinta ɗaya bayan ɗaya ta soke a tef ɗin wuyanta.

"Alli na aike ki," ta ce.

"Yaushe kika je asibiti?"

"Wa ya ce na je?"

"Goggo, don girman Allah."

Ta koma ta tura ƙofar shago, abin da ba ta yi sai an tashi. Ɗakin ya yi duhu-duhu. Ta zauna kan kujerar keke ta ba ni gefe. Na gaya mata komai: mutanen ɓoye, fil ɗin, abin da Injiniya ya ce. Dunƙulen ne kawai ban faɗi inda yake ba, na ce dai na ga wani abu.

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Yarinyar da ta ɗauke ni hoton ta ce za su sa hoton cikin wani aikin koyarwa, in na yarda. Ta ce za a goge sunana, ko uwar da ta haife ni ba za ta gane ni ba. Na ce to, a yi, in zai amfani wani. Ashe kan teburinki za su kai ni."

"Me likita ya ce?"

"Sun ce in dawo in ga babban likita, in zo da wani nawa."

"Sai kika ce me?"

"Sai na zo na ƙarasa ɗinkin mutane."

Nan fa raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana. Na ce mata wannan wace irin rayuwa ce, ina kwana ɗaki ɗaya da ke, aikina ke nan, ki zauna kina rage riga kamar ɓarauniya? Na ce in kin mutu a kan keken nan wa kika yi wa? Na faɗi maganganu da yawa, har mai gyaran waya ya rage rediyonsa. Ba ta katse ni ba sai da na gaji don kaina.

"Kin gama?" ta ce. "To saurara. Ba ki san mijina ba sai a hoto. Kafinta ne, hannunsa ba ya zama. Ranar da likita ya faɗi sunan ciwonsa, a ranar 'yan'uwansa suka kulle masa shago, suka raba kayan aikinsa wai kar ya wahala. Aka kwantar da shi, aka riƙa shigowa ana yi masa magana ƙasa-ƙasa, ana tambayata a gabansa ko ya ci abinci. Yana da sauran ƙarfinsa fa. Kullum sai ya ce mini, ki ba ni ko guntun katako ne in riƙe. Ni ma da hannuna na hana shi, ina ganin gata nake masa. Tun kafin ciwon ya kashe shi mun riga mun gama da shi." Ta shafa kan keken. "Yau da safe mata uku sun yi faɗa da ni a shagon nan. Faɗa sosai, har da nuna yatsa. Kin san daɗin da na ji?"

 Tausayinta da haushinta suka haɗu suka rufe ni.

"Ba wanda zai rufe miki shago," na ce da ƙyar. "Ni dai mu je a sake ɗauka. Injiniya ya ce na'urar tana iya ɗaukar fil ɗinki ta sa a ƙirjin wata. Mai yiwuwa abin da na gani ba naki ba ne sam. Mai yiwuwa ramar ta wani abu ce daban, mai sauƙi, wanda magani zai..."

"'Yar Tabarau."

"Na'am, Goggo."

"Kin faɗa mini inda kika gan shi?"

"A'a."

"To kar ki faɗa. Kawo hannunki."

Na matso na durƙusa gabanta. Ta kama hannuna, nata duk ƙashi, ban san yadda aka yi ban lura ba. Ina addu'a a zuci ta kai shi dama, ko ƙasa, ko ciki, ko ina ma. Ta ɗaga shi ta wuce da shi hagu, ta ɗora ƙarƙashin ƙashin wuyanta, ta danna yatsuna a wurin.

"Nan yake hana ni numfashi," ta ce. "Nan kika gani?"

Na so in yi mata ƙarya, wallahi na so. Amma idonta yana cikin nawa, kuma ba ta taɓa barin in yi mata ƙarya na wuce lafiya ba.

"Nan ne, Goggo."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta saki hannuna ba.

"Babba ne?"

"Babba ne."

Aka ƙwanƙwasa ƙofar shago, muryar mace tana tambaya ko tela tana ciki, an ce yau za ta karɓi kayanta. Goggo ta goge mini fuska da gefen ɗankwalinta, da ƙarfi, yadda take yi mini ina yarinya.

"Gobe da safe sai ki kai ni," ta ce ƙasa-ƙasa. "Yanzu tashi ki buɗe mata. Kuma idan ta yi mini faɗa, kar ki sa baki."